Nasiha a kan Ladan Masu Manna Rubutu da Zane a Jikin Mota

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanya abincin bawa a hannun ɗan'uwansa, har babu mai wadatuwa da barin wani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa.

Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, nufina in yi magana a kan ladan wasu masu sana'a, watau samarin nan da ke manna rubutu da zane a jikin mota, waɗanda ba su ƙarƙashin wani kamfani, sai dai a kira su, su yi aiki, a sallame su. Wataƙila wani ya ce, ina ruwan mai allo da tawada da sha'anin sitika? To, ku sani duk inda aka ɗauki mutum aiki a kan lada an shiga babin ijara, ijara kuwa karatunmu ce. Da yawa daga cikin samarin nan a gabanmu suka wanke allo, masu motocin kuma sahu ɗaya muke tsayawa da su. Idan rigima ta tashi tsakaninsu zaurenmu take zuwa. Ya kamata mu san abin da za mu faɗa musu tun ba ta taso ba.

Fasali a kan asalin sana'ar

Rubutun mota ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun zamanin gingimari mai akwatin katako akwai masu fenti da buroshi waɗanda ke zana bayan mota, su rubuta karin magana ko addu'a a goshinta. Har yau suna nan a wuraren da ake ƙera bodin manyan motoci. Sa'an nan injin bugawa ya zo, wanda ke buga hoto da rubutu a kan leda mai gam a bayanta, sai aikin ya rabu uku. Wani yana tsara zanen a kwamfuta, wani yana bugawa, wani kuma yana ɗaukar ledar ya shimfiɗa ta a jikin ƙarfe. Maganata a kan na ukun nan take, gama shi ne ke tsayawa cikin rana, shi ne kuma aka fi raina ladansa.

A Kano aikin ya yalwata saboda yawan abin hawa. A shekarar 2005, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka shigo da babur mai ƙafa uku wanda mutane suka laƙaba wa sunan shirin A Daidaita Sahu. A watan Janairu na 2013 kuma gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birni, sai adaidaita ta cika hanya. Kowace tana son lamba da suna da ado. Ga motocin masu burodi, da na masu ruwan leda, da na makarantu, da motar ɗaukar marasa lafiya. Ga kuma kakar zaɓe, kamar ta 2023, lokacin da bas-bas ke shiga rigar hotunan 'yan takara tun daga gaba har baya.

Fasali a kan abin da ke cikin aikin

Wanda bai san wahalar aiki ba ba zai iya yi masa kuɗi da adalci ba, saboda haka bari in bayyana shi. Kafin a manna kome sai an wanke motar, a bar ta ta bushe, sa'an nan a goge ta da sifirit domin a kawar da maiƙo. Idan akwai tsohuwar sitika sai an ɗumama ta an ɓare ta, a kankare gam ɗin da ta bari, wannan kuwa yakan fi sabon mannawa cin lokaci. Idan fentin motar sabo ne sai an jira shi makonni ya gama bushewa. Ita ma ledar da aka buga ana barinta kwana ɗaya ko biyu tawadarta ta sha iska kafin a rufe ta da farar leda mai kare ta daga rana.

Sa'an nan a auna, a daidaita layi, a ɓare takardar baya kaɗan-kaɗan, ana bin ledar da ɗan faifan roba ana korar iska. Inda jikin mota ya lanƙwasa ko ya yi kwari sai a hura mata zafi da na'ura, a miƙe ta da hannu. Bayan an gama sai a koma kan wuraren da aka miƙe a sake gasa su har zafin ya kai wajen digiri 90, domin in ba a yi haka ba ledar tana tuna siffarta ta farko, ta ja da baya, bakinta ya ɗaga. Daga nan a bi gefuna da reza, hannu kuwa sai ya zama mai sauƙi ƙwarai don kada a yanki fenti.

Ledar ma iri biyu ce babba. Akwai wadda ake zubawa tana ruwa-ruwa ta bushe a shimfiɗe, kaurinta kamar kashi 1 cikin 20 na milimita, tana bin lanƙwasa, tana daɗewa shekaru, tana da tsada. Akwai kuma wadda ake murzawa tsakanin ƙarafa masu juyawa kamar yadda ake murza taliya, ta fi kauri, ta fi araha, ta dace da shafaffen wuri, amma zafi yana sa ta tsuke. Kamfanoni irin su 3M da Avery Dennison da masu yin Oracal suna yin iri biyun, ana kuma shigo da masu araha da yawa daga Sin. Ku tuna a watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, ƙarfen da ke cikin rana kuwa ya fi haka nesa. Da hunturu kuma ƙura ce, ƙwayar rairayi ɗaya in ta shiga ƙarƙashin leda sai ta fito kamar ƙurji. Mai wannan sana'a yana faɗa da yanayi kowane wata.

Fasali a kan sharuɗɗan ciniki

Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid, ko ya kai Muhtasar na Halilu, ya san ijara ba ta inganta sai an san aikin, an kuma san ladan. Jahilci a cikin ɗayansu yana ɓata ƙulli. To, dubi yadda muke yi. Mai mota ya ce, zo ka yi mini aiki, ba za mu ɓata ba. Yaro ya ce, haba Alhaji, ai ko nawa ka bayar. Wannan kunya ce a baki, amma ita ke haifar da gaba a zuci. Idan an gama, Alhaji ya miƙa abin da ya ga dama, yaro ya karɓa yana murmushi, ya tafi yana kai ƙara wurin Allah. A shari'a idan aka yi aiki a kan ƙulli ɓatacce ana komawa ga ladan tamka, watau abin da masanan sana'ar suka ce ana biyan irin wannan aiki a wannan gari a wannan lokaci. Me zai hana a faɗi wannan lada tun farko a huta?

Abu na biyu, a raba kuɗin kaya da kuɗin hannu. Mazhabarmu ta yarda a haɗa saye da ijara cikin ƙulli ɗaya, muddin an san kowanne. Idan mai mannawa ne zai kawo leda, to ya faɗi irinta, da yawanta, da kuɗinta, sa'an nan ya faɗi ladan hannunsa daban. Dalilin da ya sa na matsa a nan shi ne, ledar daga waje take zuwa, kuɗinta yana bin dala. A watan Mayu na 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a cikin 2024 ta haura 1,500. Man fetur da janareta ke sha yana ƙasa da naira 200 kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, a cikin 2024 ya kai 1,000. Idan aka dunƙule kaya da hannu wuri ɗaya, duk lokacin da kaya suka tashi sai a ci ladan hannu, domin mai mota yana riƙe da farashin da ya sani tun bara. Daga nan ɗayan biyu ke faruwa. Ko yaron ya yi aikin banza, ko ya saye leda maras kyau ya ɓoye, ya shiga algus.

Fasali a kan ma'aunin lada

A ganina ladan adalci a wannan sana'a yana tsayawa a kan abubuwa huɗu.

Na farko faɗin wurin. Ɗauki motar kaya mai akwati, tsawonta mita 6, tsayinta mita 2.4. Gefe ɗaya murabba'in mita 14.4 ke nan, gefe biyu 28.8. Ƙofar baya in faɗinta 2.4 ne sai ta ba da 5.76. Jimla ta kusa 35. Wannan lissafi ne da almajirin da ya san rabon gado ba zai gaza yinsa ba. A auna da igiyar awo a gaban mai mota, a yi jinga a kan kowane murabba'in mita, babu mai cewa an cuce shi.

Na biyu wahalar wurin. Ƙaramar mota ba ta kai rabin wancan akwati girma ba, amma rufe ta gaba ɗaya yakan ci kwana biyu ko uku, alhali mutum biyu suna iya gama shafaffen akwati cikin yini. Dalili kuwa madubi, da hannun ƙofa, da bamba, da lungunan fitila. Haka akwatin da ke da kan ƙusoshi a jere ko ƙarfe mai tudu da kwari, kowane kan ƙusa sai an bi shi da zafi. Saboda haka mitar shafaffen wuri da mitar lanƙwasa ba za su zama kuɗi ɗaya ba, kamar yadda ɗinkin zane da aikin wuyan babbar riga ba su zama ɗaya wurin maɗinki.

Na uku lokacin da ba a gani. Wanki, da ɓare tsohuwar sitika, da tafiya zuwa garejin da motar take, da zaman jira idan direba bai kawo ta a kan lokaci ba, da ladan yaron da ke riƙe ɗaya bakin ledar. Duk waɗannan a ambace su. Wanda ya kira mai sana'a da hantsi, mota ba ta zo ba sai la'asar, ya cinye masa yini, yinin kuwa shi ne jarinsa.

Na huɗu lamuni, zan kuma keɓe masa fasali.

Ga wani lissafi domin a san ƙasan da bai kamata a sauka ba. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a dokar da ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata, bayan 30,000 ta 2019. Dokar ba ta hau kan mai aikin jinga ba, amma tana nuna mana abin da hukuma ta ɗauka shi ne mafi ƙanƙantar ladan mutum. Raba 70,000 ga kwana 26 na aiki, sai ka sami kusan 2,700 a yini. To, mai albashi ana biyansa ko da aiki ko babu. Mai zaman kansa kuwa, mu ƙaddara ya sami aiki kwana 13 cikin 26 ɗin, sai ya karɓi kusan 5,400 a kowane yini kafin ya kamo wancan. Wannan fa kafin a fitar da kuɗin mota, da reza, da sifirit, da mai, da ladan yaro, kafin kuma a saka wa gwaninta da kome. Ban kawo wannan don in yanke farashi ba. Na kawo shi domin mai mota ya gane cewa kuɗin yinin mai zaman kansa tilas ya fi na ɗan albashi, ba don haɗama ba.

Fasali a kan shubuhohi

Idan ka ce, ai ciniki yarda ne, na taya ya sallama, ina laifina? Sai in ce, gaskiya ne yarda ita ce tushe, ba ni kuma cewa cinikinka ya ɓaci. Amma ka tambayi zuciyarka wace irin yarda ce. Yaron da ya kwana uku babu aiki, ga kuɗin haya ya zo, zai sallama a kan rabin lada. Alƙali ba zai kama ka ba, amma ka san ka sayi guminsa a farashin yunwarsa. Wanda ke so a cika masa mudu idan yana saye, ya rage idan yana bayarwa, ya koma ya karanta Suratul Muɗaffifina, ya duba ko awon hatsi kaɗai take nufi.

Idan ka ce, inji ne ya yi aikin, shi mannawa kawai ya yi. Sai in ce, to karɓi ledar ka manna da kanka. Kuɗin da ka kashe wurin tsarawa da bugawa duk yana rataye a hannun wannan yaro. In ya karkace layi, ko ya yaga, babu gyara sai sabon bugu. Hannun da dukiyarka ke rataye gare shi bai cancanci ya zama mafi arha cikin ukun ba.

Idan ka ce, to hukuma ta yanke farashi kowa ya huta. Sai in ce, ban goyi bayan haka ba. An roƙi Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yanke farashi a Madina lokacin tsada, bai yi ba. Ga shi kuma aikin nan iri-iri ne, kayansa suna tashi suna sauka. Abin da nake gani shi ne dattawan sana'ar a kowace unguwa su zauna su bayyana abin da aka saba biya a kan mita, da kan adaidaita, da kan bas, su riƙa sabunta shi, domin ya zama madubi ga mai saye da mai sayarwa, ya kuma zama abin komawa idan an yi saɓani. Amma kada ya zama haɗa baki don a matse mutane, kada kuma a tilasta wa wanda ya ga dama ya yi rangwame don Allah.

Fasali a kan lamuni

Malamanmu na Malikiyya sun rarrabe tsakanin mai sana'ar da ya kafa kansa ga jama'a, ya ɗauki kayan mutum ya tafi da su wurinsa, da wanda ya yi aiki a gidan mai kaya ko a gabansa. Na farko yana lamunce abin da ya salwanta a hannunsa, sai in shaida ta tsaya cewa ba da sakacinsa ba ne. Na biyu amintacce ne, ba ya biya sai in ya yi ta'adi ko sakaci. Mu ɗora wannan a kan mas'alarmu. Idan reza ta yanki fenti, ko aka ƙone leda da yawan zafi, ko aka manna a kan ƙura, wannan na mai mannawa ne. Idan mai mota ne ya kawo ledar murzawa ya ce a rufe bamba da ita, aka gaya masa ba za ta zauna ba ya nace, to nasa ne. Idan fentin ruɓaɓɓe ne, ko ƙarƙashinsa tsatsa ce, wajibi ne mai sana'a ya faɗa kafin ya fara, in ya faɗa ya kuɓuta. Idan kuskure ya fito a rubutu ko a lambar waya, sai a duba wa ya duba ya amince kafin bugu. Kuma a faɗi tsawon lokacin da mai mannawa zai dawo ya gyara bakin da ya ɗaga ba tare da ƙarin kuɗi ba. Wanda ya ɗauki wannan nauyi yana da haƙƙin ya saka shi cikin ladansa. Wanda ya fi kowa arha, sau da yawa ba ka ƙara ganinsa ne bayan ya karɓi kuɗi.

Fasali a kan nasiha ga ɓangarori

Ya kai mai mota, ka ba da kafin alƙalami wanda zai ishi sayen kaya, kada ka sa talaka ya ci bashi domin motarka. Idan ya gama ka duba aiki a gabansa, ka biya shi nan take, gama kowane almajiri ya san abin da ya zo na gaggauta sallamar ma'aikaci. Na fi jan kunnen masu kwangilar zaɓe. Ana kiran yara su kwana suna rufe motoci, a ce a dakata sai an ci zaɓe. Wanda ya faɗi ya kashe waya, wanda ya ci ba a iya ganinsa. Rataya ladan ma'aikaci a kan cin zaɓe garari ne bayyananne, domin ba shi ke jefa ƙuri'ar jama'a ba.

Ya kai dillali da ke tsakanin kamfani da mai mannawa, la'adarka halal ce idan an san ta. Amma ka karɓi aiki a kan goma, ka ce wa yaro uku aka ba ka, wannan ƙarya ce, abin da ka ci da ita kuwa ba la'ada ba ne.

Ya kai ɗana mai sana'a, ka buɗe baki ka faɗi kuɗinka kafin ka taɓa mota, faɗin haƙƙi ba rashin ladabi ba ne. Kada ka karɓi kuɗin leda mai kyau ka manna ta banza. Ragowar ledar da mai mota ya saya tasa ce har sai ya bar maka. Idan ɗan'uwanka ya gama ciniki an sallama, kada ka zagaya ka ce za ka yi a ƙasa da haka, domin an hana, yau ka karya shi, gobe da farashin da ka kafa za a karya ka. Yaron da ke riƙe maka leda shi ma ma'aikaci ne, yadda kake so a yi maka haka za ka yi masa. Kada kuma ka sa hannu a manna batsa ko zagin wani, gama ba a ƙulla ijara a kan haram.

Ya ku malamai 'yan'uwana, mu koya wa almajiranmu babin ciniki da ijara kamar yadda muke koya musu babin tsarki. Idan biyu suka zo za su ƙulla irin wannan aiki, mu sa su rubuta, ko da ajami ne a bayan takardar siminti. A sa irin motar, da awon wurin, da sunan ledar, da kuɗin kaya, da kuɗin hannu, da abin da aka bayar a gaba, da ranar gamawa, da wa'adin gyara, shaidu biyu su sa hannu. Rubutun ba zai ci lokacin shan shayi ba, amma yana tsare zumuncin shekaru.

Wannan shi ne abin da ya sawwaƙa. Allah ne mafi sani. Allah ya sanya albarka a hannun masu nema, ya ba mawadata ikon cika haƙƙi, ya tsare mu da cin gumin wani, amin. Wassalamu alaikum.